Komawa Jiya

Daren Laraba ta rubuto mini: kada ka kashe ni,
ina sabunta kaina, saura kashi saba'in.
Na ja ƙofar shago na bar ta da aikinta.
Ban kai Bagalam ba aka ɗauke kuran.

Da safe na danna, ta yi tari, ta haska,
sai ƴan ɗigo farare suna bin juna,
kamar akuya a turke, tafiya ba isa.
Na sha shayin fari, na sha na biyu,
na uku ya huce a kofi, suna nan suna kewaya.

Alhaji Nomau mai aya na zaune bisa benci,
lissafin buhu ɗari huɗu na cikin cikinta,
motarsa ta ɗaure kaya, direba na ta oda,
so yake ya wuce Ɗan Isa kafin azahar.
Bai ce mini kome ba. Carbinsa ne ya ƙara sauri.

Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Na hura mata iska kamar mai tada garwashi,
na zare batir, na danne maɓalli na ƙirga talatin.
Sai allon ya rine shuɗi, kamar an tsamo shi a marina,
da wasu lambobi da ba su gaishe ni ba.

Kabu-kabu ya sauke Barira, ɗiyar maƙwabcina,
wadda na koya wa baƙaƙe a tsohon keken rubutu
tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa daga kujera.
Ta ce: Baba Tsahiru, cire mata kaya,
firinta, linzami, da kilen nan da ka manta.
Marar lafiya ba a ɗora masa tulu.

Sau uku ta kashe ta tana tsakar tashi,
ni kuwa kowane ɗaya a ƙirjina nake jin sa.
A na huɗu na'ura ta yarda ba ta da lafiya,
ta buɗe wata ƙofar baya da ban san da ita ba,
ta fito ba hoto, ba ado, baƙin bango kawai.

Barira ta ce: ga ciwon.
Sabo bai gama shiga ba, tsoho bai gama fita ba,
wuta ta ɗauke, suka cushe a bakin zaure.
Za mu mayar da ita ranar da take lafiya,
takardunka ba abin da zai taɓa su.
Ga ranakun da ta ajiye, zaɓi ɗaya.

Na gyara tabarau.
Litinin da ta wuce. Ƙarshen watan jiya.
Can ƙasa, tara ga Agusta.
Ran nan gulbi ya cika har ana zuwa kallo,
ran nan Sahiya ta aiko mini da dambun zogale,
kwana shida kafin zazzaɓin.

Yatsana ya tsaya a kanta.
Barira ta dubi titi, ta ba ni lokaci.
Na ce: Litinin ta isa.

Minti ashirin, sai ga ƙarar da na saba,
ga hoton jikana, ga aya buhu ɗari huɗu.
Alhaji ya karɓi takarda da ɗuminta, ya yi gaba.
Barira ta ƙi kuɗi, sai na kabu-kabu,
ta ce in nemi abin riƙe wuta, in riƙa kwafe aikina,
kuma kada in sake barin ta ita kaɗai da dare.

Da magariba na yi kwafin farko.
Ban fara da lissafin kowa ba.
Saƙon murya ne, daƙiƙa tara:
in za ka taso, ka biyo mini da yakuwa.