Wutar Baya

A Kurmin Mashi, gindin dalbejiya,
Baba Jatau kan kwanta rigingine
ƙarƙashin sitiyarin tsohuwar Fijo,
ƙafafu a waje, kai wajen feda,
tocila a baki kamar mai shan rake.
Ni kuwa, ɗan shekara tara,
aikina tsayuwa a baya.

"Na danna. Ta kama?"
"Ba ta kama ba, Baba."

Ba ƙwai ba ne, ya duba ƙwai.
Ba waya ba ce, ya bi ta har gindi.
Ɗan makunni ne, bai kai babban yatsa ba,
maƙale a bayan fedar birki.
Tsatsa ta ci bakinsa,
robar da ke tokare shi ta marmashe
tun kafin a yi mini kaciya.

Ya kwance shi, ya hura,
ya goga samfefa har jan ƙarfe ya yi dariya,
ya laluba aljihu, ya zaro tsohon kwabo,
ya liƙa inda robar ta faɗi.

Ɗantala direban Kafancan ya gaji da jira:
"Birki na ci, mota na tsayawa,
ina ruwana da wutar da ban taɓa gani ba?"
Daga ƙasa muryar Baba ta fito da tocila a cikinta:
"Ai ba taka ba ce.
Ta mai tirelar da ke bin ka ce,
idan kun gangaro gadar Kawo da magariba.
Da ita kake ce masa: na tsaya, ɗan'uwa,
kada ka haɗa ni da gobe kiyama."

Yau bayansa ya ƙi lanƙwasa,
yana kuma ta sauka a idonsa.
Ni ke kwanciya a wurin,
ƙurar tabarmar mota na zuba mini a hanci,
sabon makunnin Panteka a hannu,
na roba, marar nauyi, ba ya jin samfefa.
Su Bulus yarana suna nan, amma ba ya bar musu.
Yakan ja benci zuwa bayan mota,
ya matso har goshi ya kusa taɓa gilashi.
Fuskata ba ya rabe ta da ta baƙo,
ja kaɗai ya rage masa.

"Na danna, Baba."
Shiru. Wani can yana bugun bodi.

"Sake."
Na sake.
"Yauwa. Ta kama."