Wuƙar Malam Dou

Shekarar da ubana ya kai ni gidan Malam Dou Heng
da buhun gero ɗaya da busasshen kifi a igiya,
na zaci alƙalami za a ba ni.
Sai aka miƙo mini wuƙa,
'yar ƙarama, mai zobe a ƙota,
aka ce: zauna can, bakin taga.

Aikina shi ne kuskuren wasu.
In babban ɗalibi ya karkata harafi a kan tsagin gora
ni ke kankarewa har farin itace ya fito,
in hure, in mayar masa.
Kogin Rawaya ya cika ya janye,
dusar ƙanƙara ta danne jinka,
ni ina nan ina tara sassaƙen kuskure a tulu,
yatsuna duk sun tsage.

Ran nan na gaji, na ce: Malam, yaushe zan fara karatu?
Bai ɗago daga niƙan tawada ba.
Ya ce: Ruo, wuƙa ce yayar alƙalami.
Wanda ya san zafin cirewa
ba ya gaggawar zubawa.

Wata kaka mai awon hatsin gunduma ya zo,
Pang Zhuo, da keken doki da tulun giya mai liƙin laka.
Akwai lamba a lissafin rumbu, ɗari bakwai,
yana so ta wayi gari ɗari huɗu,
kuma ya ji an ce duk garin nan
ba mai hannun kankarewa kamar yaron nan.
Yabon ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.
Malam ya zare wuƙar daga hannuna
ya cusa a hannun rigarsa.
Ya ce: wannan kuskure take ci,
ba ta da haƙorin gaskiya.
Tulu ya koma yadda ya zo.
Mu kuma sanyin bana muka sha kunu
wanda kana ganin fuskarka a cikinsa.

Amma na ƙarshe shi ya fi zauna mini.
Shekara talatin yana koyar da jimla ɗaya,
har masu jan kwalekwale sun haddace:
mai bayarwa ne babba.
Sai ciwo ya kayar da shi.
Tsohuwa Xun mai kiwon tsutsar siliki,
wadda ko harafin sunanta ba ta sani ba,
ta riƙa zuwa da romo a kasko,
ta tallabi ƙeyarsa, cokali bayan cokali.
Na gan shi yana kau da kai, kunya na cin sa kamar gara.
Sai da aka kwana tara
kafin ya iya buɗe baki ya dube ta ido da ido
ya haɗiye, ya ce na gode.

Da ya ji dama ya ce in kwanto ɗaurin nan na kan kanta.
Ya sa yatsa a kan jimlar. Kankare.
Na ce: Malam, taka ce, kowa ya san ta.
Ya ce: shi ya sa.

Hannuna na rawa na cire shekara talatin,
kafin ruwan da ke kan wuta ya tafasa.
Sassaƙen ya faɗa tulu ɗaya da na yara,
ba ka ce wannan na malam ne ba.
Na tsoma alƙalami na miƙa masa.
Ya girgiza kai.
Bar shi fari, in ji shi,
ban gama sani ba.

Yau ni ke da tagar, ni ke niƙan tawada.
Tsagin nan yana nan a cikin ɗauri,
fari tsakanin baƙaƙe, kamar giɓi a bakin tsoho.
Duk sabon yaro sai ya nuna ya ce:
Malam, nan an manta.
Sai in ce ba a manta ba,
in lalubo wuƙar in ba shi.