Wawa

Sunan itacen wawa, in ji mutanen Asante.
Ranar farko na yi dariya har adda ta suɓuce mini.
Mumuni bai yi ba. Daminarsa ta bakwai ke nan.

Da asuba mota ke kwasarmu a Aboabo,
mu goma sha tara a mazaunin gumagumai,
zuwa kurmin da rana ma sai ta yi sallama kafin ta shiga.
Takalmin roba ƙafa ɗaya, mu uku ke karɓa-karɓa.
Garin rogo a leda, ruwan rafi, sikari in an dace.

Masa Boakye na da littafi.
Ranar ruwa ba ta cikinsa.
Ranar da zarto ya ci yatsun Isaka biyu
rabin yini aka rubuta masa,
don bai kai azahar ba.

Yanzu aiki ya ɗauke. An ce mu saurari waya.

Jiya a Sokoban na ga katako fari tas, an jera,
kafinta na tayawa, mai kaya na cewa albarka.
Na shafa. Ƙamshin kurmi bai gama fita ba.
Yaron shago ya ce, "Baba, wawa ne."
Na ce, "Na sani. Tare muka zo."