Jijiya Biyu

A Magazin ta Suwame nake gadi,
shekara tara, ni da Barsu.
Ni da tocila, shi da hanci.
Daren da ya bi ɓarawon batir
ya tsallake kwata, ya dira a karkace,
na ji ƙas! kamar an karya rake.
Bai yi kuka ba. Ya dawo da ƙafa uku
da guntun wandon mutumin a baki.

Na ce targaɗe ne. Na shafa man kaɗe,
na ɗaure da tsumma, na jira.
Damina biyu ta daki kwanon garejin nan.

Likitar dabbobi, Afiriye sunanta,
ta kwantar da shi, ta dafe cinya,
ta jawo ƙaurin, ya biyo ta kamar aljihun tebur.
Tana Tuwi, yaron Masta na juya mini,
kalma ɗaya ke ta dawowa: jijiya, jijiya.
Na ce, wacce?
Mu a bakinmu duk jijiya ce.

Ta ce biyu ne. Akwai mai ɗauri,
igiyar da ta haɗa ƙashi da ƙashi, ita ta tsinke.
Akwai mai kai labari,
siririya, kwance cikin igiyar
kamar waya cikin roba.
Ita ke ce wa ƙwaƙwalwa: ga inda ƙafarka take,
sassauta, ƙasa ta karkace.
Da igiya ta tsinke, ɗan aike ya yi gum.
Ƙafa na shiga ƙasa ba sallama,
guringuntsi na cinyewa
kamar birkin motar haya da ba mai dubawa.

Masu kai zafi kuwa, in ji ta, ba su yi shiru ba.
Baki suka ƙara.
Abin da bai kai tsaki ba, su kai shi da kururuwa.

Na yi dariyar da ba ta da daɗi.
Na san irin wannan gida:
mai albishir ya manta lungun,
mai mugun labari ko a duhu ya san ƙofa.

Ta faɗi kuɗin aiki. Na lissafa da yatsu,
albashin wata bakwai, har da 'yan sidi a kai.
Na karɓi ƙwayoyi. Ta ce a rage masa ƙiba,
kare mai cin ragowar kenkena!

Yanzu in asuba ta kusa,
sanyi ya taso daga tulin ƙarafa,
tare muke tashi, ba mai gaggawa.
Ni in dafa bango, tawa gwiwar na ƙara,
shi ya miƙa ƙafa ya taɓa ƙasa,
ya ɗauke, ya sake taɓawa,
kamar mai tambayar da ba a amsa masa ba.

Sai in wuce gaba da tocila.
Barsu, ga kwata. Barsu, ga taya.
Nan akwai baƙin mai, bi ta hagu.
Kunnensa na tsaye, ƙafar na biye.
Labarin da gwiwa ta daina kai masa,
ni nake kaiwa.