Mai Lamba Talatin da Ɗaya

A Valparaíso gidaje kan hau dutse
kamar awaki, kowanne da launinsa.
Ɗakin bincikenmu yana ƙasa, daf da tashar jiragen ruwa,
inda gishirin teku ke cin ƙarfen taga.

Shekara uku ina koya wa na'ura sauraron zuciya.
Ɗan faci ne, bai kai tafin jariri ba,
a manna shi a ƙirji, gefen hagu,
ya yi ta aiko mana bugun tsofaffi ɗari biyu,
ba ya gyangyaɗi, ba ya zuwa hutu.
Na ɗura mata bugu iya bugu
har ta iya cewa: wannan lafiya lau,
wannan kuwa a kira likita.

Sai mai lamba talatin da ɗaya.
Duk Alhamis, huɗu da kwata na yamma,
layinsa kan zabura kamar an taka wutsiyar maciji,
allo ya yi ja wur.
Farfesa Quilodrán ya ce, "Gumi ne ya jiƙa facin, share kawai."
Na'ura ta ce haɗari, tamanin da bakwai cikin ɗari.
Ni ban ce uffan ba. Na saɓi jakata.

Eleuterio sunansa. Tsohon mai ɗinkin ragar kamun kifi,
saba'in da tara, hannuwa kamar ɓawon itace.
Na tarar yana goge takalmi,
ga burodi mai ɗumi a ƙunshin takarda.
"Biyo ni," in ji shi, "in gwiwarki za ta iya."

Matakala ɗari da sittin da biyu. Na ƙirga.
A wayata layin yana hawa tare da mu,
sannu sannu, hawan wanda ya san hanya,
babu ja, babu ƙara.
A can sama, gaban wata shuɗiyar ƙofa,
ya tsaya har numfashi ya dawo masa,
ya gyara wuyan riga,
ya ƙwanƙwasa.

Nan ne allo ya yi ja.

Fresia ta buɗe, tabarau a bisa goshi.
"Ka makara," ta ce.
Bai makara ba. Huɗu da kwata cif.

Da dare na koma, jirage na kuka a duhu.
Akwai gurbin da dole a cike: dalili.
Zaɓi biyar muka tanada tun farko,
motsa jiki, tsoro, zazzaɓi, kuskuren na'ura, cuta.
Shayina ya huce ina kallonsu.

Na dai rubuta masa takardar ganin likita,
don so ba ya hana ciwo,
kuma zuciya 'yar saba'in da tara ba ta wasa ba ce.
A gurbin kuwa na buɗe layi na shida,
na rubuta: Alhamis.

Na'ura ta karɓa, ba ta tambaye ni ba.
Ban sani ba ko na koya mata wani abu,
ko ɓata ta na yi.