Sule Uku

Sirdinsa ya dawo Kumasi a kan ɗan dako,
ɗaure tsakanin ƙullin man kaɗe da buhun kanwa.
Aka sauke shi a ƙofar rumfata, nan Zango,
ana yayyafi.
Ban tambayi kowa ba. Ɗinkina ne, na gane shi.

Cindo ne.
Da yatsa shida ya zo duniya a hannun hagu,
uwarsa ta hana wanzami taɓawa,
ta ce abin da Allah ya ƙara, ita ba ta ragewa.
A bayan rumfar masu goro ya girma,
yana yayyafa wa huhu ruwa.
Doki kuwa a bakin fatake ya fara saninsa,
don kurmin nan ba ya riƙon doki:
tsando ya cije shi, wata biyu, sai haƙa rami.

Ran da aka liƙa masa anini a kafaɗa
shekararsa ashirin da biyu, gemu bai haɗe ba.
Ya tsaya nan, daidai inda kake tsaye,
ya ce, Baduku, sirdi nake so.
Na ce, ina dokin?
Ya ce, yana arewa, bai san da ni ba tukuna.
Muka yi dariya har basilla ta soke ni.

Jar fatar akuya na sa masa, na bi gefe da kore.
Ya biya, saura sule uku.
Ya ce sai ya dawo da damina.

Hafsan doki, ya fita garin nan da ƙafa,
sirdi a kan yaro, shi a gaba,
kwana goma sha tara kafin ya ji haniniya.

Sauran labarin fatake ne suka kawo, guntu-guntu,
kamar yadda suke kawo gishiri.
Sansanin yana kan dutse, can gaba da Gambaga:
bukka goma sha biyu, tuta ɗaya da rana ta cinye,
rijiya mai ɗanɗanon ƙarfe.
Dokin bidi ne, mai cizo.
Sai da ya kayar da shi sau huɗu kafin su shirya.
Kullum da asuba yakan bi iyaka,
tarin duwatsu, tsamiya, wani tarin duwatsu.
A ƙetaren rafi akwai wani yaro kamarsa,
kan wani doki, cikin kakin wasu mutane.
Sukan ɗaga wa juna hannu.
An ce ran nan ya jefa masa goro, wancan ya jefo taba.

Yaƙi bai zo ba.
Ko kibiya ba a harba ba.
Wata na bakwai zazzaɓi ya shigo ta ƙofar da ba mai gadi,
fitsari ya koma kalar ruwan marina.
Kwana huɗu.
A na ƙarshe ya roƙa a jawo bidin bakin bukka
don ya ji hucinsa.
Mai begila ma yana kwance,
shi ya sa aka rufe shi shiru, gindin tsamiyar.

Dokin an ba wanda ya gaje shi.
Wannan ya zo da nasa sirdin.

Bayan sadakar arba'in uwar ta zo,
ta kwance bakin zane, sule uku.
Na ce na yafe, tun ran da ya fita na yafe.
Ta ce, karɓi, Baduku,
bashi kan hana mutum gyara kwanciya.
Na karɓa.
Suna cikin gwangwanin can, sun yi kore.

Linzamin ne ban iya sayarwa ba.
Gumi ya ci fatar, ya bar shaidar riƙo,
gurbi shida a jere.
Wani lokaci, in kasuwa ta watse,
ruwa na dukan kwano, kiɗan Asante na tasowa daga gangare,
nakan ɗora hannuna a kai.
Yatsuna biyar su zauna.
Gurbi ɗaya ya rage.