Gwafa a Cikin Jini

Gajimare bai gama janyewa daga tudun Coronado ba
Eliécer ya kamo goɗiyar da muke kira Canela.
Wata huɗu ke nan muna ɗiga mata dafin terciopelo,
ƙanƙani, kamar gishirin gwajin miya.
Wuyanta ya kumbura, ta yi fushi da mu, ta warke.
Yau mun zo karɓar abin da jininta ya haddace.

Kada ka tambaye ni ina idanunsu.
'Yan garkuwan nan ba su da ido.
Kowacce gwafa ce, hannu biyu, ƙafa guda,
tana yawo cikin duhun jijiya da lalube,
ta shafa wannan, ta wuce,
ta shafa wancan, ta wuce,
sau dubu ba ko sallama,
har ranar da yatsunta suka faɗa wani lungu
da ya yi musu cif, kamar wuƙa da kubenta.

Furotin ɗin dafi dogon zare ne da ya naɗe kansa.
Ba ta neman saninsa duka.
Gefen kunne ya ishe ta:
ɗan tudu, ɗan rami, inda ruwa ke gudu, inda caji ke ja.
Kuma riƙon ba ƙulli ba ne.
Ƙananan taɓi ne, kowanne rarrauna,
sai dai sun zo tare, irin zuwan tsintsiya.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan:
tun kafin allurarmu ta taɓa Canela
akwai mai wannan siffar a jikinta, tana zaman jira,
ɗaya cikin miliyoyin da aka ƙera ba a san don wa ba.
Dafi bai koya mata komai ba.
Zaɓar ta ya yi, jiki ya ce: ƙaro irinta.

Can Sarapiquí, a gonar abarba,
wani Wilberth zai sa hannu ƙarƙashin ganye.
Kwalbar nan za ta riske shi a gadon asibiti,
ba zai taɓa jin sunan goɗiyar ba.

Amma in murjani ne ya sare shi, mai jan zobe,
gwafar nan za ta shafa ta wuce abinta.
Ba ta san shi ba.
Shi kuma dokinsa na can garken baya,
Eliécer na ba shi rake.